Na Karɓi Harajin Baƙi da Sunan Abokina

Ni ba a ƙasar nan aka haife ni ba. Garinmu yana can arewa, hayin iyaka, cikin ƙasar da Faransi ya ci. Mahaifina manomi ne, ba mai hali ba, amma bai taɓa cin abin wani ba. A gida na sauke Alƙur'ani, kuma tun ina saurayi aka san ni da kyan rubutu, har manya kan ɗauki allona su duba. Na faɗi wannan ne don ku sani, samari, ba yunwa ce ta sa ni sata ba, ba kuma jahilci ba.

Da aikin tilas ya tsananta a ƙasarmu, sai na yi niyyar tafiya neman ilimi. Muka taso mu biyu, ni da Isiyaku, ɗan maƙwabcinmu wanda muka tashi tare. Muka sauka Tsafe, wurin wani malami mai karantar da littattafan fiƙihu. Ya ba mu ɗaki a zaurensa, ya yanka mana gona a bayan gari. Isiyaku ba shi da saurin ɗauka. Darasin da zan riƙe da safe, shi sai ya kwana biyu yana maimaitawa. Tun muna gida na saba da cewa ni ne gaba, shi ne baya.

A waɗannan shekarun Nasara suka ce haraji ba da kuɗin wuri ba, ba da hatsi ba, sai da kuɗinsu na ƙarfe. Kowace shekara bayan kaka, malaman ƙidaya kan zauna ƙofar mai gari. Kowane magidanci ya zo ya faɗi sunansa da sana'arsa, da gonarsa da dabbobinsa, a yanka masa abin da zai biya. In ya biya, a ba shi 'yar takarda mai hatimi. Ga ɗan gari abin da sauƙi, don mai unguwa ya san shi, ya san ubansa. Baƙo kuwa ba shi da mai faɗa masa. Ga mu da yawa a lokacin, Adarawa da Gobirawa da Zabarmawa da Buzaye, wasu ko Hausa ba su ji sosai. Tsoron kowa shi ne dogari ya tare shi a hanya babu takarda, a ce magujin haraji ne, a mayar da shi inda ya fito.

Shekararmu ta farko muka je a rubuta mu. A gabanmu akwai wani Bazabarme masaƙi, ana tambayarsa yana ta in'ina. Malamin ƙidaya ya ga jakuna biyu a bayansa, ya ce a rubuta shi falke, a yanka masa harajin fatake. Ni na yi shiru, don ba ruwana. Isiyaku ya matsa ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta malam, jakunan na mai masaukinsa ne. Wanga bawan Allah bana ya zo, ko shuka bai yi ba." Aka bincika aka ga gaskiya ne, aka rage masa. Mai gari yana zaune yana kallo. Da shekara ta zagayo, ya sa Isiyaku ya zama wakilin baƙi: shi zai ji bayanin kowa ya rubuta, ya kai kuɗinsu, ya karɓo musu takardunsu.

Daga nan ciwona ya fara. Kullum da hantsi sai ka ji sallama a zaure, "Malam Isiyaku yana nan?" Ni ne mai shimfiɗa musu tabarma. Wannan ya kawo ƙwaryar gero, wancan kaza, wani goro. Duk abin da aka kawo sai Isiyaku ya raba biyu ya ba ni rabi, kuma wannan rabon shi ya fi ƙona mini rai. Mai gari ya ba shi rigar saƙi mai aiki a wuya. Ranar da ya sa ta zuwa Juma'a na ce kaina yana ciwo, don kada in bi bayansa. Rubutunsa kuwa a karkace yake, ni nake juya masa sunayen a takarda mai kyau, a kai fada a yaba masa.

Wata rana na kasa daurewa, na ce masa, "Ka dai gaya wa mai gari wanda ke rubutun nan." Ya ce, "Wallahi na gaya masa. Ya ce shi ba hannu yake nema ba, mutumin da baƙi suka yarda da shi yake so." Bai faɗa don ya ɓata mini ba, ba ya dai iya ɓoye magana. Ni kuwa na riƙe ta kamar ya mare ni. Malaminmu ma ya taɓa cewa a tsakiyar karatu, "Isiyaku amana gare shi." Ban ji sauran darasin ba.

Satata ta farko sisi ce. Wani mai dakon gishiri ya zo Isiyaku ba ya nan, ya bar harajinsa, ya ɗora sisi ya ce a ba malam ya ci goro. Na miƙa harajin, na riƙe sisin. Na ce a raina ai ladan rubutuna ne. Da na ga ba wanda ya sani, sai na fara gaya wa baƙi a ɓoye akwai kuɗin tawada, kwabo biyu kowane kai. Suna bayarwa, suna godiya.

Takardun haraji ta hannuna suke bi, saboda haka na san zanen hatimin kamar tafin hannuna. Na sami guntun ice mai tauri na sassaƙa irinsa da aska. Na je Gusau na sayo takarda a kanti. Sannan na ce wa Isiyaku zan je suna a Bungudu, ya ara mini rigarsa. Ya ɗauko ta ya kakkaɓe, ya sa mini da hannunsa, ya ce ta fi yi mini kyau.

A dajin da ke tsakanin Bungudu da Wonaka akwai tungaye, wato sababbin ƙauyukan da baƙi suka sare daji suka kafa. Sun ji labarin Malam Isiyaku na Tsafe mai tsaya wa baƙo, amma ba su san fuskarsa ba. Na isa tunga ta farko na ce, "Ni ne Malam Isiyaku. An sa baƙin yankin nan duka a hannuna." Dattawa suka miƙe tsaye. Aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura. Ina rantse muku, ba kuɗin ne suka fi yi mini daɗi ba, wannan miƙewar ce.

Na yi kwana tara ina zagayawa, ina tambayar mutane gona da awaki, ina yanka musu abin da na ga dama, ina buga hatimina. A tunga ta ƙarshe na sami wani tsoho majemi, Baba Gado, Ba'adare. Shi da matarsa ne da jikoki uku, sai jaki ɗaya da yake kai fatu kasuwa a kansa. Na yanka masa sule takwas. Ya ce, "Malam, ba ni da su, sai dai in na sai da jakina." Na ce ai hukuma ba ta jira. Ya ja jakin zuwa kasuwar Bungudu, ina zaune gindin tsamiya ina jiransa. Ya kawo kuɗin, na ba shi takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta cikin fata kamar laya, ya ce, "Yanzu na zama ɗan ƙasa ke nan?" Na ce, "Ka zama, Baba."

Na komo Tsafe na mayar da riga, na binne kuɗin a gona. Ba a yi wata guda ba masu karɓar haraji na gaskiya suka isa tungayen. Kowa ya fito da takardarsa, aka ce ta jabu ce, sai a sake biya. Waɗanda ba su da shi aka ɗaure su a rana. Da aka tambaye su wa ya karɓa, bakinsu ɗaya: Malam Isiyaku na Tsafe.

Muna cikin karatu da safe dogarai suka shigo. Suka ɗaure wa Isiyaku hannu baya da igiya. Bai san abin da ya yi ba. Da za su fita da shi ya waiwayo ya ce mini, "Ka tsare mini littattafaina." Na gyaɗa kai. Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi muni a labarin nan: da na ga ana jan sa a gaban mutanen da ke durƙusa masa, sai na ji sanyi a zuciyata.

Mai gari ya ce in riƙe aikin kafin a gani. Na zauna a matsayin Isiyaku kwana ashirin. Baƙi suna zuwa, amma da sun gaishe ni sai su ce, "Wane labari daga Gusau? Allah shi fid da malam." Ko ɗaure yake, shi ake tambaya.

Abin da ya faru a Gusau daga baya na ji shi. An yi wa Isiyaku bulala don ya faɗi inda kuɗi suke. Ranar shari'a aka kawo Baba Gado shaida. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce wa alƙali, "Wanga ba shi ne ba. Wancan dogo ne mai wushirya, da rigar saƙi mai aiki a wuya." Alƙali ya tambayi Isiyaku ko ya taɓa ba wani aron rigarsa. An ce da farko ya ƙi faɗa. Sai da aka ce ya rantse, sannan ya faɗi sunana yana hawaye.

Aka zo aka kama ni, aka sami hatimin cikin gafakata, na kai su gona na tono abin da ya rage. A gaban alƙali Baba Gado bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Shi ne. Malam, jakina fa?" Kuɗin da aka tono aka zuba cikin haraji, ba su ma isa ba, balle a yi zancen jaki. Aka yi mini bulala a bainar jama'a, aka yanke mini shekara huɗu a gidan yari na Sakkwato. Da ƙafa muka je, ɗaure da marin ƙarfe.

A can na yi dakon ƙasa, na yi dakon ruwa, na kwashe bayan gida. Ƙafata ta yi gyambon da har yau tabonsa yana nan. Amma kada ku zaci wuya ta warkar da ni nan take. Shekara guda cur, tunanina shi ne ga Isiyaku can an mayar da shi aikinsa, ni ga ni cikin sarƙa. Sai aka kawo wani ɗaurarre daga Tsafe, na tambaye shi labarin Isiyaku. Ya ce Isiyaku ya ƙi karɓar aikin. Igiya ta taɓa masa jijiya, hannunsa na dama ba ya riƙe alƙalami. Ya ce Isiyaku ya sai da rigar da rabin dawarsa ya sayi jaki don ya kai wa Baba Gado. Kun san abin da ya fara zo mini? Na ce a raina, ga shi nan kuma, za a sake yabonsa. Da na ji kaina ina wannan tunani, sai tsoro ya kama ni. Ranar na gane ba Isiyaku ne ya tare mini komai ba. Ranar na fara tuba na gaskiya.

Da aka sake ni, na nemi inda yake, aka ce ya koma Bilbis yana noma da karantarwa. Na same shi bakin rumbu yana sussuka da hannun hagu. Na faɗi gabansa. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce, "Tashi. Na yafe maka tun kana kan hanyar Sakkwato. Amma haƙƙina kaɗai na yafe, don shi nake da iko da shi." Na tambaye shi Baba Gado. Ya ce ko da ya isa tungar da jakin, ya tarar da bukkoki babu kowa. Tsohon ya kwashi jikokinsa ya yi arewa, ya koma cikin abin da ya gudo dominsa.

Na yi shekaru ina bin tungaye. Wanda na samu na biya shi, da kuɗi ko da ƙwadago a gonarsa. Wasu sun karɓa, wasu sun kore ni, kuma suna da gaskiya. Baba Gado ban taɓa samun wanda ya san inda ya ƙare ba. Isiyaku kuwa ya rasu bara. Da aka yi masa salla, sahu ya kai har bakin gona, yawancinsu 'ya'yan baƙi ne. A sahun ƙarshe na tsaya.

To, samari, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. In kai baƙo ne, kai harajinka da ƙafarka, ka faɗi gaskiyar abin da kake da shi, ka karɓi takarda a hannun wanda gari ya sani. In an ba ka amanar baƙo, ka tuna ba shi da kowa sai kai da Allah. In kuma ka ji zuciyarka tana ƙuna don an ɗaukaka ɗan'uwanka, kada ka kwana da ita. Tashi ka je ka yi masa barka da bakinka, ka roƙa masa ƙari, ko da zuciyar ba ta so. Yin haka yana da ɗaci, na sani. Amma ni da na ƙi, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba ne suka biya.