Lauyan da Kakana Ya Kai wa Goro

Duk sanda aka soya albasa da kori a unguwa, sai malamin nan ya faɗo mini a rai. Ɗan Pakistan ne, yana koyar da lissafi a sakandare, yana haya a bayan gidanmu a Kurmin Sarki. Mu yara Ba'indiye muke ce masa. Ya gyara mana har ya gaji.

Shekarar da sojoji suka kori 'yan siyasa aka zo aka tafi da babana. Ba wani ƙusa ba ne, sakataren jam'iyya ne na unguwa, amma aka haɗa da shi. Ba mu san inda aka kai shi ba. Wani ya ce Minna, wani ya ce Kaduna. A gidanmu kuwa kotu abin kunya ce, mutumin kirki ba ya zuwa. Kamun ƙafa muka sani. Kakana ya zagaye gidajen manya da kaji da doya. Suka cinye, suka ce a ci gaba da addu'a.

Malamin yakan zauna da kakana a zaure bayan la'asar. Da Hausarsa mai gargada ya ba shi labarin yayansa, babban lauya a Lahore, wanda ba ya shari'ar gona ko gado, sai ta 'yan siyasa da tsarin mulki. Duk sojan da ya jingine dokar ƙasa, yayan nan ne farkon shigar da ƙara. Ya taɓa kare ɗan siyasar da ya ɗaure shi a baya. An kulle shi, an fasa masa kai, yawancin shari'un ma kayar da shi ake yi. Gari na wayewa ya goge baƙar kwat ɗinsa ya koma.

Kakana ya ɗauka lauya kamar malamin addu'a ne, ana aika masa daga nesa ya yi aiki. Washegari ya ɗora mini farin goro a ganye da sabuwar hula, muka shiga gidan malamin, ya ce a aika wa yayan nasa ya fito masa da ɗansa.

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, yayana ba shi da iko a nan. Can ma ba iko gare shi ba. Zuwa yake ya tambaya: ina mutumin, kuma da wace doka kuka riƙe shi? Sai ya ƙi tafiya."

Kakana ya ce, "Shi ke nan aikin, Malam?"

Ya ce shi ke nan.

Tun daga makon tsohon nan ya fara. Ya zura babbar riga, ya hau mota a tashar Diko zuwa Minna, ya tsaya a ƙofar ofishin soja ya yi tambayar nan ta lauyan. An sha korarsa, an taɓa zaunar da shi a rana har azahar. Damina ta sauka, yakan dawo jiƙe sharkaf yana tari. Baffannina suka ce zai jawo wa gida bala'i. Kakata ta ɓoye masa takalma, ya fita da silifas ɗin alwala.

Ana girbin dawa babana ya dawo, duk ya zabge, amma da ƙafarsa. Ya ce waɗanda ba mai tambayarsu su aka riƙa kwasa zuwa gidajen yari na nesa, wasu ma shiru ke nan. Shi kuwa wani gandiroba ya raɗa masa cewa ba za a motsa shi ba, akwai wani tsoho da ya ishi oga.

Ni karatuna a aji biyu ya tsaya, don shagon babana ya mutu lokacin da yake tsare. Ban taɓa ganin ko hoton lauyan nan ba, amma ba na yarda a zagi lauyoyi gaba ɗaya a gabana, ko da yake na ga marasa kunyarsu da yawa.

Bara jami'an tsaro suka ɗauke ɗan maƙwabcina a Madalla, har yau ba a san inda yake ba. Gidan cike da masu digiri, kowa na latsa waya yana neman wanda ya san wani a Abuja. Na ce wa uban ya tashi mu je mu tsaya a ƙofar ofishinsu mu tambaya. Ya leƙa waje, ya ce don Allah in rage murya.