Abin da Dada Ta Binne a Tsakar Gida

Ranar da na shiga gidanmu na Dubeli, cikin Jimeta, da na'urar neman ƙarfe naɗe a cikin zani, na tarar an sauke yashi a ƙofar gida. Hamma, babban yayanmu, ya riga ya yanke shawara shi kaɗai cewa kafin damina ta faɗi za a malale tsakar gidan da siminti, a huta da taɓo. Ya dubi doguwar abar da na rungumo ya ce, "Malama, an bar koyarwa an koma aikin soja ne?" Ko kallo bai ishe ni ba. Na wuce ɗakin Dada, mahaifiyarmu, na durƙusa na gaishe ta, na ce mata na zo neman kayanta.

Kayan nan sun daɗe da hana ni barci. A shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola suna gudun 'yan ta'adda, wasu a ƙafa, kowa a Jimeta ya ɗauka mu ne na gaba. Hamma ya samo mota ya kwashe mu zuwa Ganye wajen dangin marigayi mahaifinmu. Kafin mu tashi, in ji Dada, ta haƙa rami kusa da murhu ta binne awarwaron azurfa da ta gada wajen uwarta, da 'yan kunnen zinariya da Baba ya sayo mata a hajji. Ba wanda ya gan ta, domin ranar kowa ta kansa yake yi. Gidan muka bar wa wasu 'yan gudun hijira, suka kafa rumfunan kwano a tsakar gida, suka matsar da murhu inda ya fi musu sauƙi. Bayan mun dawo kuma ruwa ya shigo unguwar, ya bar mana laka mai kauri.

Hamma ya haƙa inda ta nuna, bai sami komai ba. Ya sake haƙawa gefe, nan ma shiru. Daga nan ya fara gaya wa mutane a hankali cewa ko dai Dada ta ba wani kayan a cikin ruɗanin gudu ta manta, ko kuma ba ta taɓa binne su ba. Gigin tsufa, haka ya kira abin. Maganar ta zauna daram a cikin dangi. Aka sa ranar auren jikarta, sai da aka gama aka gaya mata. Aka ba da hayar gonarmu ta bakin tafkin Njuwa, a bakin maƙwabta ta ji. In ta sa baki a magana, sai a ce "to, Dada" da irin muryar da ake lallashin yaro. Wannan matar ce fa da dangi ke zuwa tun daga cikin Yola su tambaye ta wa ya haifi wa. A hankali ta daina cewa komai, sai abu ɗaya da ba ta taɓa janyewa ba.

"Ni na haƙa da hannuna," take cewa, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Yana nan. Baƙin ma ba su ɗauka ba, kar wanda ya ɗauki alhakinsu."

Ni azurfar ba ta dame ni ba. Abin da ke cin raina shi ne an mayar da uwata marar hankali tana da ranta. Na kuma san in simintin nan ya sauka, maganar Hamma ce za ta zama gaskiya har abada.

Dabarar a ƙofar makarantarmu ta zo mini. A shekarun nan ba ƙofar da za ka shiga, masallaci ko coci ko tasha, sai an goga maka ɗan abin nan mai ƙara. Wata safiya mai gadi ya goga wa jakata, abin ya yi kuka saboda makullaina, na tsaya cak. Na aro abin ranar Asabar, na yini ina rarrafe a tsakar gidanmu. Ashe abin ba ya jin komai da ya wuce ɗan yatsa a cikin ƙasa. Hamma ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya wata abokiyar aikina, mutuniyar Numan, ta nuna mini a wayarta Turawa suna yawo a bakin teku da wata irin sanda mai faifai a ƙasa, suna tono tsofaffin kuɗi don nishaɗi kawai. Na je kasuwar Jimeta wajen wani mai sayar da kayan wuta na ce ya sa a kawo mini daga Legas.

"Madam, you wan find gold for Jimeta? In kin samu, a raba da ni fa," ya ce. Ya yi ta dariya, amma ya kawo.

A gidana na unguwar Bekaji na haɗa ta. Sanda ce mai shiga cikin juna, da faifai a ƙasa, da ɗan akwati mai maɓallai kusa da hannu, da abin sa wa a kunne. Na nannaɗe wayar a jikin sandar, na sa batir, na kunna a falo, ta ɓarke da ihu saboda rodin da ke cikin daɓe. Na gane ba abar ɗaki ba ce. Sai na riƙa zuwa bakin Njuwa ranar Asabar, inda aka girbe shinkafa ƙasa ta bushe. Fita da ita ma aiki ne. Wata rana fasinjojin keke suka sauka da suka ga doguwar aba a naɗe, a shinge kuma wani soja ya sa na kwance ta, na jefa makulli a yashi na nemo shi a gabansa kafin ya bar mu muka wuce. Ban ga laifinsu ba, zamanin ne ya koya mana haka.

A Njuwa na koyi yadda ake daidaita ta da ƙasa, a ɗaga faifan a sauke har ta yi shiru, sannan a riƙa shara da shi a hankali dab da ƙasa, ba a lilo da shi sama. Na binne ƙusa da cokali da zobena, na riƙa bi ta kansu har kunnena ya rarrabe muryoyinsu. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi, azurfa da tagulla kuwa siririyar murya gare su mai daɗi. Masu ban ruwan lambu suka sa mini suna mai neman aljanu. Na tono ƙugiyoyin kamun kifi, da wani anini mai huda da har yau yana cikin kwalba a ɗakina. Abin ya shiga raina fiye da yadda na zata. Na kuma gano wani maɓalli da in an danna, na'urar sai ta toshe kunnenta ga baƙin ƙarfe gaba ɗaya, ta saurari masu daraja kawai. Na ji daɗin maɓallin nan ƙwarai.

To, da wannan ilimin na shigo Dubeli ranar da na tarar da yashi a ƙofa. Na raba tsakar gidan layi-layi da igiya, na fara daga bakin rijiya. Ban yi taku biyu ba gurnani ya cika mini kunne. Rumfunan baƙin nan sun bar ƙusoshi kamar an shuka su. Na tono har na cika gwangwani, sannan na ce ni ba bola na zo yi ba, na danna maɓallina. Gida ya yi tsit. Kullum in na tashi daga makaranta sai in hau keke in zo, in yi ta shara bayan la'asar, zafin Yola yana dafa ni a cikin hijabi. Na sami murafun lemo, da cokalin shayi, da wani ɗan kunnen roba mai ruwan gwal. Kusa da tsohon wurin murhu na ji wani ƙat-ƙat a kakkarye, irin na tarkace, na wuce. Na gama gidan kaf, na sake bi a gicciye, babu.

Hamma ya same ni zaune a bakin rijiya. Wannan karon bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Kin yi iya yinki. Magini zai zo farkon mako. Ki bar tsohuwar nan ta huta." Na miƙe na ce masa in ya ga an zuba siminti kafin in ce na gama, to a kaina aka zuba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba a gaya wa yaya. Amma da na juya, a karo na farko na ji zuciyata tana tambaya ko shi ne da gaskiya.

Na shiga ɗakin Dada don in sha iska. Ta dube ni ta ce, "Kai, ɓingel am, ɗana, ka yi baƙi. Sauko da langa a zuba maka fura." Jeren langoginta na nan a kabet tun aurenta, farare masu jan fure, an ɗora su daga babba zuwa ƙarama. Na sa hannu zan ɗauko ta sama, sai jeren ya yi rawa. A tsakiyarsa akwai wani ƙyalle a ninke da aka tokare da shi, domin ta saman ta yi wa ta ƙasan ƙanƙanta da yawa. Ɗaya ba ta nan.

"Dada, ina ta tsakiyar?"

"Yana ƙasa mana. A cikin me kake so in sa kayan, a leda?"

Na tsaya riƙe da murfi a hannu. Shekara da shekaru ana gardama a kan kayan nan, ba wanda ya taɓa tambayarta a cikin me ta zuba su, har ni mai cika bakin na yarda da ita. Langa kuwa fenti ne kawai a waje, cikinta baƙin ƙarfe ne. Na'urar ba za ta ji azurfar da ke rufe a ciki ba, langar za ta ji, ni kuma da hannuna na hana ta jin ƙarfe.

Ban sha furar ba. Na fita na kashe maɓallin, gurnanin ƙusoshi ya dawo ta ko'ina. Da farko na yi niyyar in tone su ɗaya bayan ɗaya ko da zan kwana a kai. Sai na tuna abin da na lura da shi a Njuwa: in aka ɗaga faifan sama kamar taƙi ɗaya, ƙananan abubuwa sukan yi shiru, babba ne kawai ke ci gaba da magana. Na ɗaga, na bi layukan a hankali. Wuri na farko na tono guntun kwanon rufi. Na biyu, ruɓaɓɓiyar fartanya. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage, na ci gaba. Na uku shi ne wurin ƙat-ƙat ɗin nan da na raina, kuma yanzu muryarsa mai faɗi ce, ba ta yankewa. Bai fi kamu biyu ba daga ramin Hamma na farko.

Na haƙa na wuce lakar da ruwa ya bari, na shiga tsohuwar jar ƙasar gidanmu. Hamma ya fito ya tsaya a kaina, can ya karɓi fartanyar. Da ƙarfe ya daki ƙarfe, ya ajiye ta ya sa hannu. Tsatsa ta cinye gefen langar, amma jan furen na nan a kan murfi.

Ni na so in yi guɗa unguwa ta ji. Dada kuwa ko tashi ba ta yi ba daga tabarmarta a ƙofar ɗaki. Hamma ya kai mata, ta ɓamɓare murfin da ƙyar, ta warware tsumman da ke ciki. Awarwaron sun yi baƙi, 'yan kunnen suna nan kamar jiya aka ajiye. Ta dube su sau ɗaya ta ture gefe. Langar ta miƙo mini ta ce in wanke a mayar da ita wurinta, in cire ƙyallen nan.

Hamma yana tsugune a gabanta, ƙasa har gwiwar hannu, kansa a sunkuye. Mutum ne da bai iya ba da haƙuri ba, mu duka mun sani. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Dada, maganar simintin nan. A zuba ne, ko a bari?"

Ta dubi tsakar gidan da na mayar ramuka. Rabon da a tambaye ta wani abu a gidan nan har na manta. Ta gyara zama.

"A zuba," ta ce. "Amma a bar mini wajen murhu. Gobe kuma ka zo da safe, akwai maganar gonar Njuwa da ban gama ji ba."

Ya ce to, kuma washegari tun kafin rana ta yi zafi takalmansa na ƙofar ɗakinta.