Kalilu Mai Jinjina, Direban Hatsin Gangara

An haifi Malam Kalilu a garin Gangara ta ƙasar Sabon Birni a shekarar 1934, wadda ta yi daidai da 1353 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Malam Yari, manomin gero, mahaifiyarsa kuwa Tani ce, mutuniyar Gatawa.

Karatu da aure

Ya yi karatun allo a wurin Malam Alhassan har ya kai izu ashirin, sa'an nan noma ya ɗauke shi. Bai san boko ba sai a 1956, lokacin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci. A 1959 ya auri Safiyatu, wadda ita ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Tuƙi

A 1961 ya sami lasin a Sakkwato, wani attajirin Isa ya damƙa masa lori, irin wadda sitiyarinta ke dama, giya a hagu, kuma sai an murza ƙarfe daga gaba take tashi. Shekara goma sha biyu yana bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni da ƙauyukanta, har aka san shi da sanin rairayin gulbi, inda direbobi da yawa kan kafe.

Karaya da farin 1973

A kakar 1973, shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai yi kai ba, ƙarfen tada inji ya juyo ya karya masa wuyan hannun dama. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma yatsun suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa. Abin da wannan ke nufi shi ne, duk sa'ad da hagu ta tafi wurin giya, babu mai riƙon sitiyari. A lokacin kuwa an fara ɗaukar motoci haya domin kai hatsin agaji, kuma babu direban da ya yarda ya shiga hanyar Gangara sai shi.

Maƙerin garin, Wada, ya ce zai iya ɗaura wa sitiyarin ƙululu mai juyawa a kan boris, wanda tafin hannu zai kifa a kansa ba tare da an damƙa ba, in dai za a sami ice mai tauri da santsi. Safiyatu ce ta kawo taɓaryarta ta ce a yanke kan. An ruwaito cewa da Kalilu ya hana, sai ta ce masa: "Malam, taɓaryar da tay yi wata shidda ba ta ga gero ba, mi za ni yi da tsawonta?" Wada ya haɗa ƙululun, bayan kwana tara Kalilu ya shigo Gangara da buhu tamanin na dawa.

Shekarun ɓoyo

Daga nan har shekara goma sha ɗaya bai sami natsuwa ba, saboda yana da yaƙinin cewa ranar da hukuma ta ga hannun, ranar za a karɓe lasin. Kafin kowane shingen bincike yakan tsaya ya kwance ƙululun ya jefa aljihu, ya lallaɓa a giya ɗaya har ya wuce. Ya daina cin abinci a tasha. Ya daina musafaha da baƙi, sai dai ya ɗaga dunƙulallen hannun ya yi jinjina, ga babba ga yaro. Daga nan laƙabinsa ya samo asali, har abokan aikinsa kan ce ko akuya Kalilu ya gani sai ya yi mata ranka shi daɗe. Yakan yi dariya tare da su, amma iyalinsa sun shaida cewa duk ranar da zai bi ta Isa ba ya iya karin kumallo.

Farin 1984

A watan Maris na 1985, tsakiyar yunwar da ta biyo bayan farin 1984, wani sabon jami'in duba motoci ya tsayar da shi a Isa yana ɗauke da masarar agaji. Kalilu ya yi jinjina, jami'in kuwa ya miƙo hannu ya ƙi janyewa. Haka asirin ya tonu. Jami'in ya umarta a ajiye motar sai an sami wani direba, alhali mutanen Gangara sun kwana uku suna jiranta. Waɗanda suka halarta sun ce Kalilu ya fito da ƙululun ya ce: "Ranka shi daɗe, hannun ga ya mutu, ban musu ba. Bari in ɗaura abina ka zamna gehena. In ta kahe, ga lasin, ka amshe."

Jami'in ya shiga. Sun yi awa huɗu a hanya, sun haye rairayi sau biyu, motar ba ta kafe ba. A gaban rumfar rabo ya rubuta a cikin lasin cewa an yarda mai shi ya tuƙa mota, bisa sharaɗin ƙululu na ɗaure. Daga ranar Kalilu bai sake kwance shi a shinge ba, sai dai jinjinar ta riga ta bi jikinsa.

Ƙarshen rayuwa

Ya bar tuƙi a 1991 saboda raunin gani, ya koma gona da karatu. Allah ya karɓi ransa a watan Rajab na 1419, wato Nuwamban 1998, bayan jinyar mako biyu, aka yi masa sutura a maƙabartar Gangara kusa da mahaifinsa. Wurin rabon gado an sa ƙululun cikin kayansa, Safiyatu ta aiko daga ɗakin takaba cewa a cire shi, aro ta ba marigayi. Aka ɗauko guntuwar taɓaryar da ta yi shekara ashirin da biyar tana daka da ita a duƙe, aka gwada ƙululun a kanta ya dace, aka mayar mata da abinta.

Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Ibrahima, Rabi'atu, Habi, da Sammani. Allah ya gafarta masa, ya miƙa masa littafinsa a hannun dama.