Buhu Biyu na Gero

Ina tsakar maimai a gonar gero na ji a rediyo cewa wata 'yar ƙasar Filifin ta ci zinare a ɗaga ƙarfe, a babbar gasar wasanni ta duniya. Aka ce shi ne na farko da ƙasarsu ta taɓa samu. Mai labarai ya faɗi nauyin da kilo. Ni kuwa buhu na sani.

Bayan la'asar na ba da labarin a ƙofar masallaci. Yayana ya ce, "Kamar buhu nawa ke nan?"

Na ce, "Zai kai biyu na gero." Ban auna ba, baki ne ya riga ni.

Ya ce, "Mace? To aika a kawo mana ita da kaka, tunda kai tiya biyar ma sai ka dafe ƙugu."

Aka yi dariya, aka watse. Ni tuwo ma bai shiga ba. A garinmu ni ake kira shaidar iyakar gona, don na san inda iyaye suka dasa gamba, kuma ba a taɓa kama ni da ƙari ba. A makon nan ma mai unguwa ya sa ranar sauraron maƙwabtana biyu a kan rikicin kunya uku na iyakar gona.

Ranar kasuwar Tsanyawa na sami wani mai sikeli, na faɗa masa kilon yadda na riƙe. Ya ce buhu ɗaya ne da ɗoriya.

"Amma Malam, in na taki ne ya fi biyu. Ka ce taki ka nufa mana."

"Gero na ce."

A motar dawowa na ji wani daga baya yana ba da labarin, ya mayar da shi buhu uku. Ya ce wani mai gaskiya ne ya faɗa. Kafin in gama shawarar yadda zan tare shi, ya sauka.

Kwana biyu ina bin gida-gida ina gyara magana, ciyawa tana cin gona. Wasu ma sun manta, sai na tuna musu sannan na gyara. Matata ta ce, "Ita ta karɓi zinarenta ta huta, kai ka sungumi ƙarfen."

Ranar zama na nuna tushen gamba. Wanda shaidata ta kayar ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan da ya ɗora wa mace buhu biyu?"

Mai unguwa ya ce, "Ya zo har gidana ya sauke ɗaya." Aka karɓi shaidar.

Ban ji daɗin da na zata ba, gajiyar ƙafafuna kawai na ji. Geron shekarar bai yi kyau ba, maimai ya makara. Mutumin cikin motar kuwa har yau ban san garinsu ba. Can buhu uku ne, kuma daga bakina ya fara.