Mushe Abarci da Gayyar Hasken Rana

Da hantsi, kafin zafin Dakoro ya kankama, Mushe Abarci yakan ɗora tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, a bakin randa don ta sha sanyi, sannan ya kunna. Tun da ya aje koyarwa a lakwal, makarantar boko, aikinsa ke nan: zana faifan madubi mai tattara hasken rana wuri guda har ruwa ya tafasa.

Manhajar da yake aiki da ita tana bin zaren haske, daga rana zuwa madubi, daga madubi zuwa gindin tukunya. Zaren kuwa dubbai ne. Na tambaye shi yadda take gamawa. Da ya ga kaina ba ya ja, sai ya sauko inda nake.

"Gayya ce, Malam. Ma'aikata huɗu ne a cikinta, kowa da ɓangaren gonarsa. Amma da bazara in ka saki duka, sai ta ɗau zafi, su koma jan ƙafa. Uku sun fi huɗu sauri."

Aisata, ungozomar wani ƙauye kusa da Mai Yara, ita ta kawo masa kuka. Itace ya yi wuya, almakashin yankan cibi kuwa dole a dafa shi, ga wata jaririya cibinta ya riga ya kumbura. Maƙeri Intalla ya ƙera faifan bisa zanen Mushe. Amma faifan bai tafasa ruwa ba sai da rana ta take tsaka.

Aisata ta tako har gidan Mushe.

"Baba Mushe, haihuwa ba ta jiran azahar. Ka gaya wa akwatin naka."

Bai kare kansa ba. Da ma hasken tsakar rana kaɗai ya sa manhajar ta bi, don na sauran yini yana cin kwanaki. Ya koma randa, ya bi hasken tun daga fitowar rana har la'asar, makonni yana jiƙa tsumma yana sanyaya ordinatar yana jira. Da sabon zane ya fito, Intalla ya rantse ba zai sake lanƙwasa ƙarfen ba. Ya sake.

Kai ne mai haƙurin zaren haske, Abarci. Jariran ƙauyen nan ba za su san sunanka ba, sai dai su girma. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu ilimin da ke zaune a inuwa, irina, ga hanya an nuna mana.

Aisata ta aiko da saƙo ran kasuwa: tukunya na tafasa kafin a gama kokon safe.