Koren Zoben Malam Wada

Duk wanda ya yi sakandare a Isa a zamaninmu ya san da'irar Malam Wada. Malamin fiziks ne, mutumin Tozai, siriri, aljihunsa kullum fari fat da alli. Da an zo darasin maganaɗisu sai ya zana da'ira a allo ya tsaya yana kallonta kamar hoton budurwa, mu kuwa muna ta zunɗensa.

Sau ɗaya ya taɓa ganin ainihin abin da yake zanawa, yana jami'a a Sakkwato. Ƙwallon gilashi ne tsakanin naɗin waya biyu. In aka kunna, ƙwayoyin lantarki su fito a miƙe kamar koren zare. A ƙara ƙarfin maganaɗisu, zaren ya lanƙwashe har ya zama zobe, sai a auna faɗinsa.

"Ɗiyana," yakan ce, "alli ba ya nuna wanga abu. Wata rana za ni kunna muku shi."

Makarantar na da na'urar a akwati, wuta ce babu. Ya naɗe gilashin da zanen matarsa, duk zango ya fito da shi ya goge ya mayar. Muka gama, ƙannenmu suka gama, shi ma ya yi ritaya, ba a kunna ba.

Bara, ina koyarwa a ajin nasa, Shamsu ɗan ajinmu mai haɗa sola ya kawo batir da kayan aikinsa. Na aika aka ɗauko Malam a babur. Hasken zaren ba shi da ƙarfi, sai a duhu ake ganinsa, tagoginmu kuwa ba marufi. Da yake kaka ce, ɗalibai suka kwaso damman gero daga gida suka toshe su.

Shamsu ya kunna. Wata ɗaliba, Sa'adiya, ta ƙwala ihun murna.

Malam ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Sai a lokacin na gane yadda yanar ido ta rufe masa gani, zuciyata ta karye.

"Mi kuka gani?" ya tambaya.

"Zobe, Malam," in ji Sa'adiya.

"Kore na?"

"Kore shar!"

Ya laluba aljihu ya miƙa mata tsohuwar rularsa.

"To auna ki hwaɗa mini. Kak ku yi saurin kashe shi."