Notocin Motar Yaya

A duk layin makanikai babu mai tsoron Allah a kan inji kamar Auta. Shi ma ya sha faɗin haka. Ƙa'idarsa ita ce, in aka buɗe kan inji aka sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da baƙin mai, to dole a sa sababbin notoci, domin notin da aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, ba zai sake riƙewa da kyau ba. Direbobi sun sha wannan huɗubar. Tsofaffin notocin kuwa wanke su yake da fetur ya zuba a wani gwangwanin madara a ƙarƙashin benci, ba don komai ba, in ji shi, sai don ba ya son ɓarna.

Yayarsa ungozoma ce, ita ta goya shi, ita ta kai shi koyon aikin. Da motarta ta fara zafi, shi da kansa ya shiga kasuwa ya zaɓo gaskit mai kauri da notoci a kwalinsu. Ranar ne wani mai irin motar ya zo ya tsaya masa a kai, yana duba agogo. Auta ya dubi kwalin, ya dubi mutumin. Notocin Yaya suka tafi a motar baƙo, motar Yaya ta samu na gwangwani. Ai ta gida ce, in wani abu ya taso yana kusa.

Abin ya taso a hanyarta ta zuwa asibiti. Ya tarar da ita a gefen titi cikin fararen kaya, tururi na tashi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara.

"Auta, laifina ne," in ji ta. "Ka ce in riƙa duba ruwa, ban duba ba. Na ɓata maka aiki."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ai ruwa, Yaya, ba a wasa da shi."

Tun daga ranar kullum da safe sai ta buɗe lagireto ta leƙa, ta kira shi ta ba shi rahoto. Takan aiko masa da abinci gareji don ya huce. Yakan karɓa ya ci. Ya shirya faɗa mata gaskiya sau da yawa, har ya taɓa kaiwa ga "Yaya, dama..." sai ta ce, "Na duba, a cike yake," ya ce madalla.

A gyara na biyu ya sa mata gaskit da notocin da suka fi kowanne kyau, ya ɗaure su bi da bi daga tsakiya. Ya daɗe yana kallon tsofaffin a tafin hannunsa. Sannan ya wanke su da fetur ya mayar gwangwani.